Bayanin Baki, Sha Tara ga Wata

Litinin, da safe

Edita ya ajiye mini sabuwar maƙala a kan tebur, ya ce tana cikin waɗanda za su shiga fitowa ta gaba, in taimaka in hanzarta. Na ce to.

Idan aka tambaye ni aikina a mujallar nan, rasa ta inda zan fara nake. Likitoci su yi bincike su rubuta, masana su duba su ce ya yi, sannan a miƙo mini wutsiyar, wato manazarta, jerin ayyukan da marubuci ya dogara da su. Ni ce mai tabbatar da kowace lamba da ke cikin rubutu tana da 'yar'uwarta a ƙarshe. Sunayen marubuta shida, sai "da sauransu". Shekara, waƙafi mai ruwa, juzu'i, fitowa a cikin baka biyu, ruwa biyu, shafi, aya. Malam, mijina, makiyayiyar waƙafi yake ce mini. Wai da safe in kora su kiwo, da yamma in ƙirga ko wani ya ɓace.

Na duba taken maƙalar, na kife ta. A kan ciwon Malam ne. Daga asibitin da yake kwance kuma aka rubuto ta, Farfesan da ke gwajin sabon maganin nan shi ne marubuci na farko.

Na sha ruwa, na sake buɗewa daga baya. Ba sai na karanta cikin ba. Wutsiya kawai.

Litinin, da yamma

Malam ya ci abinci. Har ya ce miyar ba gishiri, ni kuwa na ji daɗin ƙorafin kamar an yi mini kyauta. Tun da aka sa shi a kan 'yar shuɗiyar ƙwayar nan ta gwaji kumburin ƙafarsa ya saɓe, idon ma ya fara washewa.

Mutumin gadon da ke kusa da nasa tsohon direban tanka ne, rana ɗaya aka fara ba su ƙwayar. Kullum suna musu. Direba ya ce ya san kowane rami na hanyoyin ƙasar nan da sunansa, Malam ya ce to ya faɗi nisan da ke tsakanin biyu daga ciki. Matar Direba, wadda nake kira Yaya, ta ce, "Ƙanwata, mu bar su. Ranar da suka daina wannan surutu ita ce ranar da za mu damu."

Talata, da hantsi

Manazartar Farfesa a hargitse take. Wani wuri sunan mujalla a cike, wani wuri a taƙaice. Lamba goma sha ɗaya da goma sha takwas abu ɗaya ne aka maimaita. Ban damu ba, irin aikin da nake so ke nan, yana hana kai zuwa wani wuri.

Sai lamba ashirin da bakwai. Ba littafi ba ce, ba maƙala ba. An rubuta: Likitar sashe, bayanin baki, sha tara ga wata. Dokarmu ita ce maganar baki ba ta shiga jerin manazarta. A cikin rubutu ake sa ta, cikin baka biyu, kuma sai wanda ya yi maganar ya ba da izini a rubuce.

Amma ba wannan ya tsayar da ni ba. Watan da aka rubuta wata mai kamawa ne. Bai tsaya ba tukuna.

Kuskuren bugu ne. Na yi masa da'ira da jan biro.

Talata, bayan azahar

Dole in nemo inda aka kira lambar a cikin rubutu in mayar da ita can. Na nemo. Jimla ɗaya ce a shafi na shida.

Majiyyaci ɗaya, namiji, ɗan shekara hamsin da huɗu, malamin makaranta, mai tsohon tabon tiyata a gefen ciki na dama, ya yi zubar jini a mako na bakwai, kuma ya

Ba zan rubuta kalmar da ta biyo baya ba. Ita ce wadda idan an faɗa, mutane ke cewa sai haƙuri.

Ni na yi jinyar tabon nan, shekarar da muka yi aure.

Laraba, da safe

Ban je ofis da wuri ba. Na wanke kwanukan da na riga na wanke jiya.

Laraba, da rana

Na kai wa Edita shafin. Ya ɗaga tabarau ya karanta, ya ce, "Malaman makaranta masu shekara hamsin da huɗu ai sun fi a ƙirga. Ranar kuma hannu ne ya zame, watan jiya ake nufi. Ki tura masa tambaya kamar yadda kika saba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, watan jiya ba a kai mako na bakwai ba. Yanzu suke na huɗu."

Ya dube ni. "Ke ta ina kika sani?"

Sai na tuna ban taɓa gaya masa Malam yana cikin gwajin ba. Ya cire tabarau ya murje ido. Ya ce in ina so ya ba wani aikin. Na ce a'a. Ya ce to in tuna maƙalar da ba a buga ba amana ce, ba a fita da ita, ba a zancenta a waje. Na ce na sani.

Na tura wa Farfesa imel cikin ladabi: muna roƙon a gyara kwanan wata a lamba ashirin da bakwai, a kuma haɗo da takardar izinin mai bayanin.

Laraba, da yamma

Malam ya ci abinci. Ya tambaye ni me ya sa nake kallonsa haka. Na ce askinsa ne ya tofo.

Alhamis

Ba amsa.

Juma'a, da hantsi

Akwai wayar tebur a ofishinmu, a kan teburin da babu mai zama tun da tsohon mai duba kurakurai ya yi ritaya. Ni na ɗauka ma an yanke ta. Yau ta yi ƙara. Dogo, mai tsara shafuka, ya ɗaga, ya saurara, ya miƙo mini yana ɗaga gira.

Muryar dattijo ce, a natse, kamar mai karanta labarai.

"'Yata, ke ce mai gyaran manazarta?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Na ga saƙonki. Kin yi daidai a kan goma sha ɗaya da goma sha takwas, a haɗe su. Allah ya yi miki albarka, kina da ido."

"Kwanan watan fa, ranka ya daɗe?"

"Daidai yake. Ki bar shi."

"Ai ranar ba ta zo ba."

"Kafin ku buga ta zo," in ji shi. "Takardar izini ma za ta iso."

A bayan muryarsa ina jin wani ƙii, ƙii, ƙii, yana matsowa yana wucewa. Na san ƙarar nan. Keken rabon magani ne na sashen su Malam, mai tayar nan ɗaya da ta karkace. Sai layin ya mutu.

Ban taɓa ambatar goma sha ɗaya da goma sha takwas a saƙona ba. Na sake buɗe shi na duba. A takardar da ke kan teburina kawai na yi musu alama.

Juma'a, da yamma

Na tambayi nas ɗin da ke tura keken ko Farfesa ya shigo yau. Ta ce, "Farfesa? Ni tun da aka kawo ni sashen nan ban taɓa sa shi a ido ba. Sunansa dai muke gani a kan kwalin maganin."

Na hau bene na je ofishinsa. Ƙofa a rufe, fitila a kunne, fanka na juyawa a ciki. Mai shara ta ce yanzun nan ya fita. Na ce wane irin mutum ne, dogo ko gajere? Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana tunani, sai ta yi dariya ta ce wallahi an tambaye ta kuma ta rasa.

Malam ya ci abinci.

Asabar

Na ɗauko hotunan aurenmu, na mayar ban buɗe ba.

Litinin, da rana

Na karya amana. Na buga shafi na shida na sa a jaka.

Na sami Likitar sashe a ɗan ɗakinta tana cin biskit a tsaye. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, kullum idonta ja don rashin barci. Na ce, "Likita, don Allah minti biyu." Na miƙa mata.

Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta ajiye biskit ɗin a kan fayil ɗin wani.

"Ni ban faɗi wannan ba," in ji ta. "Ban taɓa magana da shi baki da baki ba. Ta imel yake turo umarni."

"To me ke nan?"

Ta ce wani lokaci masu bincike sukan tsara rubutu tun kafin sakamako ya fito, su cike gurbi da misali, daga baya su canja. Ba daidai ba ne, amma ana yi. Tana magana tana kallon takardar, ba ni ba.

Na ce, "Misali har da tabo?"

Can ta ce duk gwajin jinin Malam lafiya lau, ya fi na kowa kyau a sashen. Ta ce amma haƙƙinsa ne ya fita daga gwajin duk ranar da ya so, babu mai hana shi. Ta ƙara da cewa in ya fita, tsohon magani za a mayar da shi, kuma na san yadda yake a kan tsohon.

Na sani. Ni nake ɗaga shi zuwa banɗaki a lokacin.

Talata, da yamma

Na gaya wa Malam. Na ja labule na zauna a bakin gado na faɗa masa da ƙaramar murya, na nuna masa shafin. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshen jimlar, har kalmar.

Sannan ya ce, "Ko sunan makarantar ba su sa ba. Shekara talatin ina koyar da lissafi."

Na ce, "Malam, ba wasa nake ba."

"Na sani." Ya ninke takardar biyu, ya sake ninkewa. "Kin ga ƙafata? Jiya da kaina na taka har bakin taga. Kina so in ajiye abin da ya tashe ni saboda wani ya rubuta kwanan wata ba daidai ba?"

"Ya ce daidai ne."

"Rai a hannun Allah yake, ba a hannun lamba ashirin da bakwai ba."

Na ce haka ne. Na ce haka ne sau uku ko huɗu, ina kuka ba sauti don kada su Yaya su ji ta bayan labule.

Laraba

Yayan Malam ya kira. Ashe Malam ya gaya masa. Yayan ya ce aikin ƙura wa ƙananan haruffa ido ne ya fara taɓa ni, in nemi hutu. Ya ce in wani abu ya sami ɗan'uwansa saboda an cire shi daga magani, in san amsar da zan ba dangi.

Na gyara manazarta goma sha biyu na wata maƙala a kan ciwon ido. Duk sun zauna daidai.

Alhamis, da yamma

Ina shiga Malam ya ce in zauna.

Ya ce, "Idan ɗalibi ya kawo mini amsa daidai, babu aikin da ya bi ya kai gare ta, ba na ba shi maki. Ko dai ya leƙa wani wuri, ko ya san abin da ban sani ba. Duka biyun ba na so a yi su da cikina." Ya ce ya riga ya gaya wa Likita, ya sa hannu. Daga gobe babu shuɗiya.

Na kama hannunsa. Ya ce, "Ba don na yarda ba ne. Don kin daina cin abinci ne, kin zaci ban lura ba."

Direba ya leƙo ta gefen labule ya ce, "Malam ya sauka a hanya! Mu dai sai tasha."

Asabar

An mayar da shi ɗakin ƙasa, na marasa gwaji. Babu taga.

Litinin, da safe

Ƙafar ta fara dawowa.

Litinin, da rana

Dogo ya ce, "Hajiya, kin sake taɓa maƙalar Farfesa? Na ga fayil ɗin ya canja."

Na ce ban taɓa ba. Edita ma ya ce bai karɓi sabon kwafi ba, ya duba imel ɗinsa a gabana. Amma ga shi nan a kwamfutar ofis, inda mu uku kaɗai ke shiga.

An gyara komai. Goma sha ɗaya da goma sha takwas sun haɗe, lambobin da ke bayansu duk sun ja baya yadda ya kamata. Sunayen mujallu a taƙaice, kowane waƙafi a wurinsa. Ko ni ba zan yi fiye da haka ba. Bayanin bakin an cire shi daga jeri an kai shi cikin rubutu, cikin baka biyu, daidai dokarmu. Ranar tana nan. Sha tara.

Na karanta jimlar.

Majiyyaci ɗaya, namiji, ɗan shekara sittin da ɗaya, direban babbar mota.

Na shiga banɗaki na kulle. Abin da na fara ji ba zan ɓoye wa littafin nan ba: sauƙi na ji. Kamar an sauke mini buhu daga ka. Sai bayan nan na yi amai.

Talata, da yamma

Na sami Yaya a barandar sashe tana yanka lemo. Na ce ina son magana. Na faɗa mata duka, tun daga farko, yadda zan iya. Ba ta karanta irin wannan rubutu, don haka ni na fassara mata jimlar.

Ta ci gaba da yanka lemon.

"Ƙanwata, na je na gaida Malam ɗazu," in ji ta. "Na ga ƙafarsa."

"Na sani, Yaya."

"Nawa jiya ya ce a kawo masa takalmi, wai zai zagaya asibiti. Wata biyar ban ji ya tambayi takalmi ba. Yanzu ki ce in je in ce masa ya ajiye?"

"Ki ce masa kawai. Shi ya zaɓa."

"In na faɗa masa, ko ya ci gaba da sha ya shiga da tsoro, ko ya bari ya koma kwance. Wanne kika zaɓar mini?"

Ta miƙo mini ɓarin lemo. Ta ce ta san don Allah na yi, ba ta riƙe ni da komai ba, amma kada in ƙara tayar da zancen, kuma kada in kuskura in faɗa masa.

Na karɓi lemon. Na riƙe shi har gida.

Laraba, da rana

Na kai wa Likita sabon shafin. Wannan karon zama ta yi. Ta ce za ta rubuta wa kwamitin da ke sa ido a kan gwaje-gwaje yau ɗin nan, ta kuma nemi a dakatar da ƙwayar. Ta ce ita kaɗai ba ta da ikon tsayarwa. Kwamitin sai ƙarshen wata yake zama.

Na ce, "Sha tara Alhamis ta sama ce."

Ta ce za ta riƙa auna jinin Direba kullum. Ta ce za ta gaya masa da kanta cewa akwai damuwa a kan maganin, wannan aikinta ne, ba sai matarsa ta yarda ba.

Edita ya cire maƙalar daga fitowa ta gaba. Bai yi mini faɗan amana ba. Ya ce ya kira lambar da ke kan takardar Farfesa, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ya sa Dogo ya zare igiyar wayar teburin nan ya nannaɗe ta.

Alhamis

Likita ta gaya wa Direba. Ya ce ya tuƙa tankar mai a kan gadar da ake cewa za ta karye, shekara ashirin, ga shi. Ya haɗiye ƙwayarsa a gabanta.

Malam bai ci abinci ba.

Asabar

Bai ci ba. Cokali biyu.

Lahadi, da yamma

Yayan Malam ya zo, ya tsaya a kan gadon, ya dubi ƙafar, ya dube ni. Da ya yi faɗa da ya fi mini.

Bayan ya tafi Malam ya buɗe ido ya ce, "Kada ki kula shi. Tun muna yara haka yake kallon mutum in ya ci bashin kuka." Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Ina jin barci ne a bakinsa.

Talata

Na ɗauki hutu. Ina wucewa ta ƙasan benen sashe na ji keken magani a sama, ƙii, ƙii. Na tsaya har ya wuce.

Laraba

Gobe.

Alhamis, da safe

Na zo tun kafin a buɗe ƙofar masu ziyara. Malam yana barci, numfashinsa daidai. Na zauna na sa hannu a kan bargon, wajen tabon.

Alhamis, da rana

Ba komai. Ya farka ya nemi shayi. Ya sha rabi.

Na hau sama. Direba yana zaune a bakin gado da takalmi a ƙafa, yana ba wani sabon majiyyaci labarin yadda birki ya taɓa tsinke masa a gangare. Likita ta nuna mini sakamakon safe da ido kawai, ta gyaɗa kai. Lafiya. Yaya ta yi mini murmushi, irin na "kin gani?". Wallahi na ji daɗi. Na ce a raina gara in zama mahaukaciya.

Alhamis, da la'asar

Malam ya ce, "Yau nawa ga wata?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Makiyayiyar waƙafi ba ta san kwanan wata ba." Ya cinye burodin da ya rage.

Alhamis, gab da magariba

Ana gudu a bene.

Juma'a

An naɗe katifar gadon Direba, wanda ke kusa da taga ta biyu. Takalmin yana ƙarƙashi, ba wanda ya ɗauka.

Litinin

An dakatar da shuɗiyar ƙwaya ga kowa, ba a jira ƙarshen wata ba. An kwashe kwalayen. Likita ta ce an kira ta ta yi bayani, kuma an nuna mata takardar izini mai sa hannunta, ta ranar sha tara. Ta ce hannun nata ne sak, amma ba ta tuna ta sa ba. Ranar ta sa hannu a takardu da yawa bayan abin ya faru, ba ta karanta duka ba.

Na tambaye ta Farfesa fa. Ta ce wasu sun ce yana ƙasar waje, wasu sun ce shi ma ba shi da lafiya. An kashe fitilar ofishinsa.

Fayil ɗin ya ɓace daga kwamfutarmu. Dogo ya rantse ba shi ya goge ba.

Laraba, da yamma

Malam ya ci abinci. Kaɗan, amma ya ci. An ƙara masa wani magani a kan tsohon, kumburin ya tsaya inda yake. Likita ta ce tafiyar mai tsawo ce, ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ya tambayi Direba tun shekaranjiya, na faɗa masa. Ya juya fuska bango. Yau ya ce in je gidan Direba in yi gaisuwa a madadinsa, in ce wa Yaya mijinta ne ya ci musun ramukan hanya, Malam ya sallama.

Alhamis, da rana

Na je. Gidan a ƙarshen wani lungu yake, an jera kujerun roba a tsakar gida, yawancinsu babu kowa. Na yi ta fargabar yadda za ta dube ni.

Tana ganina ta matsa ta ba ni wuri a kan tabarmarta. Na yi mata gaisuwa, na isar da saƙon Malam. Ta yi 'yar dariya ta share ido da gefen mayafi. Ta tambayi ƙafarsa. Muka zauna, mata na shiga suna fita.

Da aka ragu ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa.

"Ba na ɗakin," in ji ta. "Ya aike ni sayo masa ruwan sanyi. Kafin in dawo sun ja labule, ba su bar ni na shiga ba." Ta riƙe wuyan hannuna. "Ƙanwata, takardar nan taki. Tun da ta san ranar, ta san sauran. An rubuta ko ya sha wahala?"

Jimla ɗaya ce, na haddace ta. Shekaru, sana'a, jini, mako na bakwai, kalmar, baka biyu, aya. Babu komai a ciki game da wahala.

Na ce, "An rubuta bai daɗe ba, Yaya. An ce bai ma san abin da ake ciki ba."

Ta saki numfashi a hankali. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ba ta saki hannuna ba har aka kira la'asar.